Sanda, lada ko allura: yadda dabba ke koyon hali, da iyakar aikin magani

Tun da gwamnatin tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024, maganar kiwon zamani ta ƙara yawa a bakin jama'a. A Gombe da Bauchi, kamar sauran wurare, mutane suna turke shanu da raguna a gida domin su yi ƙiba a sayar, a cikin gari kuma ana ajiye manyan karnukan gadi irin na waje. Dabbar da aka tsare wuri guda kusa da mutane kuwa, halinta kan fito fili: sa ya fara tunkuyi, doki ya riƙa tutsu, kare ya kai wa yaron gida cizo. Mai dabba kan ji shawara iri uku. Wani ya ce a ƙara mata sanda. Wani ya nuna masa bidiyo a waya, inda ake horar da dabba da abinci ba tare da an taɓa ta ba. Mai shagon maganin dabbobi kuma ya ce akwai allurar da ke sanyaya dabba. Kowace shawara tana da gurbinta a ilimin halayyar dabbobi, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma haɗa su wuri guda shi ke jawo asara.

Ciwo ake fara dubawa

Halin dabba daga tushe uku yake fitowa: abin da ta gada, abin da ta koya, da halin da jikinta ke ciki a yau. Na ukun shi ne likitan dabbobi ke fara bincika, musamman idan sauyin ya zo farat ɗaya. Saniyar da ta saba tsayawa a tatse ta, yau da an taɓa hantsarta sai shuri, a duba ko hantsar ta yi zafi ko ta kumbura, ko akwai tsaga a kan nonon. Dokin da ya fara ƙin sirdi, a shafa bayansa a nemi miki ko kumburi, a duba haƙoransa da gefen bakinsa inda linzami ke zama. San huɗa da ke turjewa a tsakiyar kunya, wataƙila karkiya ce ta goge masa wuya, ko ƙaya ce a kofato, ko sammore ya cinye masa jini. Karen da ya yi gurnani don an taɓa kansa, sau da yawa ciwon kunne ne. Babu horarwar da za ta gyara waɗannan sai an magance ciwon.

Akwai sauyin hali guda da ba a jira a gani. Karen da ya saba da mutane ya koma cizon duk abin da ya tarar, har itace da ƙarfe, muryarsa ta sauya, yawu na dalala; ko kuma ya yi laƙwas, haɓarsa ta saki. Wannan alamar ciwon haukan kare ce. Shanu ma suna kamuwa, su yi ta kuka ba ƙaƙƙautawa suna zubar da yawu kamar wani abu ya maƙale musu a maƙogwaro, kuma a nan ne mutane kan yi gangancin zura hannu a bakin dabbar. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likita. Rigakafin karnuka ana fara shi tun suna wata uku, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana cikin masu sarrafa allurar.

Hanyoyi biyu na koyo

Hanya ta farko ita ce haɗa abu da abu. Ivan Pavlov, masanin Rasha da ya samu lambar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, ya lura karnukansa suna fara zubar da yawu da sun ji alamar da ke zuwa gab da abinci, tun abincin bai iso ba. Makiyayi ya san wannan ba tare da ya ji sunan Pavlov ba: akuya ta ji ƙarar kwanon dusa ta taso, saniya ta ji kukan ɗan maraƙinta nono ya fara sauka. Tsoro ma ta nan yake shiga. Bijimin da aka taɓa kayarwa da ƙarfi aka yi masa allura mai zafi, gobe da ya hangi igiya da baƙon mutum sai ya tayar da hankali. Ba zaɓa ya yi ba, jikinsa ne ya riga ya haɗa su.

Hanya ta biyu ita ce koyo daga sakamako, wadda B. F. Skinner na Amurka ya faɗaɗa bincikenta tun shekarun 1930. Dabba takan maimaita abin da ya amfane ta, ta bar abin da bai amfane ta ba. Ana ƙarfafa hali ta ba da abin so, kamar guntun ƙuli-ƙuli ko gishiri ko susa a wuya, ko ta janye abin da ke damun dabbar. Ana rage hali ta kawo abin ƙi, kamar duka, ko ta ɗauke abin so, kamar juya wa ɗan kwikwiyo baya idan ya ɗafe mutum.

Dukkan hanyoyin nan huɗu lokaci ne ke tafiyar da su. Sakamako ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba dabbar za ta jingina shi ga wani abin dabam. Kare ya tsinke ya fita, an yi ta kira, daga ƙarshe ya dawo, aka zane shi. Abin da ya koya shi ne dawowa wurin mai kira tana jawo duka, gobe sai ya ƙara jinkiri. Maƙale wutsiya da sunkuyar da kai da yake yi, waɗanda ake ɗauka alamar ya san laifinsa ne, neman sauƙi ne daga fushin da ya gani a fuskar mai shi.

Aikin shanun huɗa da dawaki kusan gaba ɗaya a kan janye matsi yake tafiya, kuma nan aka fi yin kuskure. A ja igiyar hanci a hankali. Da san ya karkata kansa ko ya ɗaga ƙafa ta inda ake so, a saki nan take. Sakin ne ke koyar da shi, ba jan ba. Wanda ya riƙe igiya a ɗame tun daga bakin gona har ƙarshen kunya bai gaya wa san komai ba, domin ko ya bi ko bai bi ba zafin ɗaya ne. Daga nan sai ya koyi jayayya da igiyar, hancin ya yi rauni, mai garma kuma ya ƙara ƙarfi. Haka linzami da ƙaimi suke a wurin doki. Sabon sa ana fara masa tun da rani, minti 10 zuwa 15 a kowane zama, a haɗa shi a karkiya da tsohon sa mai natsuwa, su fara tafiya haka nan, sannan jan gungume, kafin a kai ga garma. Wanda ya bari sai ruwan shuka ya sauka, gaggawa ce za ta tura shi ga sanda.

Wani abin da ke ruɗa masu kare shi ne halin da ake saka wa wani lokaci, wani lokaci a ƙi. Karen da ke haushi a ƙofar madafa, sau ɗaya cikin biyar a jefa masa ƙashi don ya yi shiru, ya fi wanda ake ba kullum naci. Ranar da aka daina gaba ɗaya kuma haushin zai fara ƙaruwa kafin ya ragu. Idan wani a gidan ya gaji ya jefa masa a daidai wannan gaɓar, an koya masa ya ƙara ɗaga murya ke nan.

Yadda ake cire tsoro

Misali mafi kusa shi ne dokin hawan Sallah, wanda zai ratsa tsakanin 'yan bindiga da tambura da kakaki da dubban jama'a. Hanyar da masana ke bi ita ce a gabatar da abin tsoron ƙasa da matakin da zai firgita dabbar, a biyo shi da abin da take so, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Makonni kafin Sallah ake farawa. A kunna ƙarar bindiga a waya can ƙasa-ƙasa, sannan a miƙa dusa ko harawa. Ƙarar ce ke fara zuwa, abinci ya biyo baya, don ƙarar ta zama mai bushara. Ma'aunin kuwa bakin dokin ne. In yana ci gaba da tauna, kunnuwansa suna motsi a sake, an samu daidai. In ya daina tauna, ya ɗaga kai, hancinsa ya buɗe, farin idonsa ya fito, an wuce gona da iri, sai a koma matakin baya. Waya ba ta kawo warin albarushi da girgizar da ake ji a ƙirji, don haka daga baya dole a je ga bindigar gaske, daga nesa sosai, yana tsaye kusa da tsohon dokin da ya saba, a riƙa matsowa kwana bayan kwana. Kayan ado ma ɗaya bayan ɗaya ake ɗora su.

Akwai masu ɗaure dokin tamau a buga bindiga kusa da shi har ya daina fizga. Wani lokaci ya saba, amma sau da yawa tsoron ƙaruwa yake yi, ko kuma ya yi shiru don ya ga babu mafita, ranar da ya samu sarari a cikin taro ya zabura da mahayinsa.

Ga kare, lokacin da sabo ya fi shiga shi ne daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ko 14 da haihuwa. Ɗan kwikwiyon da aka kulle a keji a wannan tsakanin wai don ya yi zafi, yakan tashi matsoraci, matsoracin kare kuwa ba ya bambanta ɓarawo da almajiri ko baƙuwar matar gida.

Shanu kuma ganinsu ya kewaye fiye da digiri 300 cikin 360 na cikakken zagaye, sai ɗan wuri a bayansu daidai wutsiya, amma ba sa tantance zurfi da kyau. Shi ya sa inuwa a ƙasa, ko kwatami, ko riga da ke kaɗawa a jikin shinge kan tsayar da sa cak a bakin mota a kara. Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Colorado, wadda ta yi suna a wannan fannin, ta nuna cewa kafaɗa ce ma'auni: mutum ya tsaya bayan kafaɗar sa zai yi gaba, ya tsaya gabanta zai ja baya. San da aka riga aka tayar wa hankali kuma yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya dawo daidai.

Saɓani a kan sanda

Masu goyon bayan amfani da sanda suna da hujja. Bijimi mai kilo 400 ba ya jiran a gama lallashi, duka yana tsayar da hali nan take, kuma da shi aka gaji aikin. Gaskiya ne hukunci yana danne hali. Masu suka suna cewa dannewa ba gyara ba ne. Tsoron yana manne wa mai dukan, ƙarfin da ake bukata yana ƙaruwa, kuma karen da ake duka don ya yi gurnani yakan bar gurnanin ya tafi kai tsaye ga cizo, an cire gargaɗi an bar haɗarin. Wani bincike na Jami'ar Pennsylvania a 2009 ya gano cewa hanyoyi irin su duka da shuri da danne kare a ƙasa sun sa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan da aka yi wa sun mayar da martani da faɗa, ko da yake karnukan dama masu matsala ne da aka kai asibiti. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuya mai jan lantarki a 2010, ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka kuma ta fitar da matsaya a 2021 cewa a horar da karnuka da lada kawai.

Akasarin wannan binciken a kan karnukan Turai da Amurka aka yi shi. A ɓangaren dawaki da shanun aiki, masana da dama sun yarda ba a rabuwa da matsi, sharaɗinsu ya zama mara ƙarfi kuma a sake shi a kan lokaci. Ƙwararren makiyayi ma haka yake yi. Da kira da fito yake tafiyar da garke, kowace saniya da sunanta, sandar kuma nuni ta fi yi fiye da duka. Dukan fuska dai babu mai goyon bayansa, hadisi ma ya hana shi.

Magunguna: aji uku da ake cakuɗawa

Aji na farko shi ne allurar kwantarwa, wadda aka yi domin aiki na ɗan lokaci kamar ɗinki, dandaƙa, huda hanci ko gyaran kofato. Wadda aka fi sani ita ce mai sunan xylazine a jikin kwalba. Minti 10 zuwa 15 bayan an yi wa sa a tsoka, kansa zai sauka, leɓensa ya saki, yawu ya riƙa zuba, ya yi wani kuka ƙasa-ƙasa, wataƙila ya kwanta. Shanu sun fi dawaki jin ta wajen ninki goma. Doki yana ɗaukar kimanin miligiram 1 a kowane kilo, sa kuwa daga 0.05 zuwa 0.1 ya wadatar a yawancin aiki. Kwalbar ma iri biyu ce, mai miligiram 20 a mililita da mai miligiram 100. Sa mai kilo 300 da likita ya lissafa wa miligiram 30, mililita ɗaya da rabi ke nan daga kwalba ta farko; a zuƙi wannan adadin daga ta biyu, an ba shi ninki biyar. Tana rage motsin tumbi har ciki ya kumbura, shi ya sa ake ajiye dabbar a kan ƙirjinta, ba a kan haƙarƙari ba. Tana iya jawo ɓari ga saniya mai tsohon ciki. Tana hana jiki daidaita zafi, abin lura a tsakar ranar Maris da Afrilu. A tumaki tana iya taɓa huhu ta rage iskar da ke shiga jini, don haka ragon layya mai faɗa ba abin gwaji ba ne. Dokin da ke layi da ita kuma yana iya yin harbi ba zato. Mutumin da allurar ta soke shi bisa kuskure ya nufi asibiti da kwalbar a hannu.

'Yar uwarta acepromazine tana sanyaya gaɓoɓi, amma ba ta kashe zafi kuma ba ta cire tsoro. Dabbar tana jin duk abin da ke firgita ta, gudun ne kawai ta kasa, kuma ƙara na iya razana ta fiye da da. Tana sauke ƙarfin bugun jini ƙasa da yadda ya kamata, haɗari ga dabbar da ta sha tafiya ba ruwa, a ingarma kuma tana iya sa gabansa ya fito ya kasa komawa. Babu ɗaya cikin biyun da ke koya wa dabba komai. Da ta sake ta, halin yana nan inda aka bar shi.

Aji na biyu shi ne maganin rage fargaba na lokaci guda, ga karnuka da kyanwoyi, kamar trazodone da gabapentin. Ana ba da su awa ɗaya zuwa biyu kafin abin tsoron, misali tafiya asibiti, ba bayan dabbar ta riga ta rikice ba, kuma ana gwada su tukuna a ranar da babu komai. Diazepam, wanda ya fi sauƙin samu, yana da matsala uku: yana iya cire wa kare mai faɗa ɗan tsoron da ke hana shi cizo, yana rage riƙe abin da aka koya, ƙwayarsa kuma ta taɓa lalata hantar kyanwoyi har ga mutuwa.

Aji na uku shi ne na kullum, mai aiki a kan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Amurka ta amince da clomipramine a 1998 da fluoxetine a 2007 domin karnukan da ke shiga matsanancin tashin hankali idan an bar su su kaɗai, kuma an amince da su ne a haɗa da horarwa. Fluoxetine ana ba kare miligiram 1 zuwa 2 a kowane kilo sau ɗaya a rana, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, abin da ke sa mutane su daina a mako na biyu ko su ninka da kansu. Da farko yakan rage cin abinci ya sa kasala. Ba a ba karen da ke farfaɗiya, kuma a hankali ake janye shi. Haɗari biyu sun fi kusa da mu. Amitraz, maganin kaska da ake wanka da shi, ba a haɗa shi da waɗannan, sai an bar aƙalla kwana 14 bayan wankan ƙarshe. Tramadol ma haka. Alamar sun yi karo ita ce rawar jiki, haki, zafin jiki da rashin natsuwa, wani lokaci har farfaɗiya. Wannan ajin ba na dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta ba ne.

Wasu masu horarwa suna ganin ba dabba irin wannan magani lalaci ne. Likitoci suna amsawa cewa karen da ya kai matakin fasa ƙofa yana jin ciwo, ko wanda ba ya karɓar nama saboda fargaba, ba ya cikin halin koyon komai sai an sauko da shi. Inda suka haɗu shi ne magani ba ya maye gurbin abin da dabba ta rasa. Karen da ke kan sarƙa a rana yini guda, ragon da aka raba da garke yana ta kuka shi kaɗai, dokin da ke gaigayar itacen barga alhali a sake yakan shafe fiye da rabin yini yana kiwo, bukatarsu inuwa ce da motsi da abokin zama da ciyawa mai yawa.

Abin da ya shafi mai kiwo da mai saye

Ga mai tatsa, lissafin a ƙwarya yake bayyana. Sinadarin oksitosin da ke sauko da nono 'yan mintuna kawai yake aiki, tsoro kuma yana toshe shi, don haka saniyar da aka daka kafin tatsa za ta riƙe wani kaso. Bunaji da Bokoloji da ire-irensu sun fi sakin nono idan ɗan maraƙi yana kusa. Ga mahauci, wurin da sanda ta sauka jini ne kwance da za a yanke a zubar, dabbar da ta daɗe a wahala kafin yanka kuma namanta kan yi duhu ya yi saurin lalacewa. Allurar kwantarwa tana da kwanakin jira kafin yanka ko shan nono, a rubuce a jikin kwalba.

Mai sayen doki ko sa a kara ya yi hattara da sanyin da ya wuce misali. Leɓe a sake, fatar ido ta sauko, jan ƙafa, dalalar yawu, ko gaban ingarma a waje, duk dalili ne na a dakata a sake ganin dabbar washegari da safe, a kuma nemi a kama ta a ɗaura mata sirdi ko karkiya a gaban mai saye. Wanda zai kai dabba wurin likita kan matsalar hali, ɗan bidiyon waya ya fi dogon bayani amfani, tare da abin da ya faru gab da halin, abin da aka yi mata bayansa, ranar da ya fara, da duk maganin da aka ba ta, har da na kaska. Kwalba ta kasance da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, mai lissafa adadin kuma ya zama likita mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Karen da ya taɓa cizo, ko an fara masa magani, ba a barinsa da yara babu babba a wurin, kuma ana saba masa da takunkumi ta hanyar sa guntun nama a ciki ya zura bakinsa da kansa, kwanaki kafin a fara ɗaure igiyar.